Ƙaura da iyali zuwa wata ƙasa alhali aikin na yawo ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Kamfanin da nake wa aiki ya mayar da ni ofishinsa na wata ƙasa, kuma nan da wata uku ake so in kama aiki. Aikin na yawo ne, kowane wata sai na yi kwana goma zuwa sha biyu a waje ina ganawa da abokan hulɗa a ƙasashen yankin. Ina da mata da yara uku: mai shekara 11, mai shekara 7, da ƙaramar mai wata 20. Matata ma'aikaciyar jinya ce, dole ta ajiye aikinta. Da farko ta yi murna, yanzu kuwa ta ce ba za ta bi ni in ajiye ta inda ba ta san kowa ba ina ta hawa jirgi. Ni kuma ina ganin raba gida biyu ya fi muni. In kwashe su mu tafi tare, ko in yi gaba su biyo ni? Kuma yaya zan yi da tafiye-tafiyen?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu zo kan wanda zai fara tafiya, ɗauki biro ka yi lissafin da uwargidanka ta riga ta yi. Kwana goma zuwa sha biyu a wata, kwana 120 zuwa 144 ke nan a shekara, wato wata huɗu zuwa kusan biyar ba ka gida. A inda kuke yanzu ba a jin nauyin wannan sosai, domin tana da wanda za ta kira, ta san likitan yara, ta san hanya. A can kuwa abin da take hangowa shi ne ƙarfe biyun dare, jikin ƙaramar ya yi zafi rau, katin inshora yana cikin walat ɗinka, lambar sirrin da banki ke turowa tana shiga wayarka, wayar kuma a kashe cikin jirgi. Wannan ba raki ba ne, kuma lallashi ba zai kawar da shi ba. Sai ka toshe kafofin nan ɗaya bayan ɗaya, ta gani da idonta.

Ƙaura tana cin mutum gaba ɗaya, yawon aiki ma haka, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Saboda haka maganar farko da kamfani za ka yi ta, kuma yanzu ne kake da baki, kafin ka sa hannu a takardar canjin wurin aiki. Ka nemi a rubuta maka, a takarda ko aƙalla a imel daga wanda ke da ikon cewa e, cewa ba za ka yi tafiya ba na mako shida zuwa takwas daga ranar da iyalinka suka sauka. Bayan nan a ƙayyade kwanakin da za ka riƙa yi a waje na wata shidan farko, a riƙa sanar da kai tun da sauran mako biyu, kuma tafiya ta faro daga farkon mako ta ƙare kafin ƙarshensa. Alkawarin baki na shugabanka ba ya daɗewa; ranar da babban kwastoma ya kira, an manta.

Idan kana jin nauyin kawo zancen iyali a ofis, akwai hujjar da babu mai musa ta. A ƙasashe da yawa, barin ƙasa alhali ana kan duba takardar izinin zamanka yana lalata neman. A Birtaniya, wanda ya nemi izini daga cikin ƙasar sannan ya fita kafin a yanke hukunci, ana ɗaukarsa ya janye. A wasu wuraren fasfo ɗin kansa yana hannun hukuma na kwanaki. Lauyan kamfanin ya san wannan, ka sa shi ya faɗa wa shugabanka da bakinsa.

A zama ɗaya ka tambayi sauran abubuwan da mutane ke mantawa sai an shiga ciki. Masaukin wucin gadi na kwana nawa za su biya, 30 ko 60? Inshorar lafiyar iyali daga ranar sauka za ta fara aiki, ko sai izinin zama ya fito? Yawancin inshorar ƙasa da ƙasa suna da lokacin jira kafin su ɗauki nauyin ciki da haihuwa, sau da yawa wata goma zuwa sha biyu, kuma ciwon da mutum ya zo da shi ba kullum yake shiga ba. Idan ka bar aikin cikin shekara ɗaya ko biyu, za ka mayar da kuɗin ƙaurar? Idan su suka sallame ka, wa zai biya jirgi da kwantenar komawa? Wannan ta ƙarshe ka riƙe ta da kyau, domin izinin matarka da yaran a jikin naka yake rataye. A Amurka da Birtaniya, ma'aikacin da aikinsa ya ƙare yakan sami kwana 60 ne ya nemi wani ko ya tattara, ko da yara suna tsakiyar zangon karatu.

Yanzu ga amsar tambayarka. Mu dai a ganinmu ka yi gaba, amma na mako huɗu zuwa takwas, da ranar tahowarsu a rubuce. Dalilin na takardu ne kafin ya zama na zuciya. A wurare irin su Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sai izinin zamanka ya fito, ka nuna albashi da takardar hayar gida mai rajista, sannan za ka iya ɗaukar nauyin iyali. A wasu ƙasashen ana shigar da neman kowa tare, a nan sai ku nema tare ko da ba rana ɗaya za ku tashi ba. Ko ta yaya, kwashe yara uku a zuba a ɗakin otal ana neman gida da makaranta da asusun banki lokaci guda shi ne mafi wuya cikin zaɓin da ke gabanka. Abin da muke hana ka shi ne "sai abubuwa sun daidaita". Wannan maganar ba ta da ranar ƙarewa, ita ke mayar da mako shida shekara biyu. Haka kuma kada ka shigo da su da bizar yawon buɗe ido da nufin a canza ta daga ciki, sai lauyan shige da fice ya tabbatar maka dokar ƙasar ta yarda. A wurare da dama dole a fita a sake nema daga waje, wani lokaci kuma a ɗauke shi a matsayin yaudara.

Ranar tahowarsu kalandar makaranta ce za ta tsayar da ita. A Turai da Arewacin Amurka shekarar karatu tana farawa ne a Agusta ko Satumba, a Afirka ta Kudu da Ostireliya a Janairu zuwa farkon Fabrairu, a Japan a Afrilu. Makarantu suna duba shekarun yaro a wata rana ƙayyadadda, saboda haka mai shekara 7 zai iya tsintar kansa aji ɗaya baya ko gaba. Mai shekara 11 ne abin lura, domin a tsare-tsare da yawa a kan gaɓar shiga sakandare yake, kuma guraben sukan cika da wuri. Ka rubuta wa makarantu uku ko huɗu a wannan makon. A wasu ƙasashen makarantar gwamnati adireshin gida take bi, to a nan sai a zaɓi makaranta tukuna sannan a kama haya a unguwarta.

Takardu kuwa, abin da ke kayar da mutane shi ne jerin da aka bi wajen yin su. Wasu suna ɗaukar lokaci amma ba sa mutuwa, wasu suna fitowa da sauri amma ransu gajere ne. A fara da fasfo: ƙasashe da yawa suna son ya rage masa aƙalla wata shida da shafuka biyu marasa rubutu, kuma na yara galibi shekara biyar ne kawai, shi ya sa shi ke fara ƙarewa ba a lura ba. Duk wanda saura masa ƙasa da shekara biyu, a sabunta shi kafin a maƙala masa izinin zama, domin wasu hukumomi ba sa ba da izinin da ya wuce ranar mutuwar fasfo. Daga nan takardar aure da takardun haihuwa masu ɗauke da sunan uwa da uba. Ku baje su a tebur kusa da fasfo ku bi su harafi harafi. Mohammed a nan, Muhammad a can, ko suna na tsakiya da ya ɓace a takarda ɗaya, ya isa a dawo muku da fayil bayan kun yi makonni kuna jira. Idan ƙasar da kuke bari da wadda za ku je duk suna cikin yarjejeniyar Heg ta 1961 kan tabbatar da takardu tsakanin ƙasashe, hatimi ɗaya da ake kira afostil ya wadatar. Idan ɗaya ba ta ciki, sai an bi doguwar hanya: hukumar da ta ba da takardar, ma'aikatar harkokin waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je. Duk wannan a ƙasar da ta ba da takardar ake yinsa, don haka a gama kafin ka tashi. Takardar shaidar rashin laifi daga 'yan sanda da ta gwajin lafiya su ne na ƙarshe, domin galibi ba a karɓarsu idan sun wuce wata uku zuwa shida da fitowa.

Tunda ita kaɗai za ta taho da yaran, ka bar mata takardar amincewarka da lauya ya buga wa hatimi, da kwafin fasfo ɗinka da na izinin zamanka. Ta riƙe katunan rigakafin yaran, makaranta za ta nema. Idan hanyarku ta shafi ƙasar da ke neman shaidar rigakafin cutar shawara, katin ba ya aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, amma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Akwai maganar da ba a son yi, kuma gara a yi ta yanzu da kuke shiri. A ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Heg ta 1980 kan yara, da zarar yara sun zauna sun saba da sabuwar ƙasa, ɗaya daga cikin iyaye ba zai ɗauke su ya koma da su ba sai da yardar ɗayan ko ta kotu. Ma'ana ƙaurar nan tana rufe wa matarka wata ƙofa. Ku tsayar tun yanzu cewa bayan shekara ɗaya za ku zauna ku duba, kuma idan ta ce ba ta iya ba, me za a yi. Macen da ta san akwai hanyar komawa ta fi sakin jiki ta gwada.

Aikinta ma kada ka bar shi a matsayin abin da "za a duba daga baya". Ba kowace bizar iyali ke ba da damar aiki ba. A Birtaniya matar ma'aikaci tana iya aiki. A Amurka ya danganta da irin bizarka: matar wanda kamfani ya canza wa wurin aiki a kan bizar L-1 tana da dama, matar mai H-1B, bizar ƙwararren ma'aikaci, kuwa galibi ba ta da ita sai da izini na daban. Ko da doka ta yarda, aikin jinya sai da rajistar hukumar ƙasar, kuma wannan yakan ci watanni: takardar shaidar kyakkyawan aiki daga hukumarta ta yanzu, cikakken bayanin darussa da sa'o'in aikin asibiti daga makarantarta, jarrabawar harshe wadda sakamakonta galibi shekara biyu yake yi. Karɓo waɗannan daga nesa wahala ce. Ta tattara su kafin ta ajiye aiki, kuma idan wurin aikinta yana ba da hutu ba albashi, ta nemi shi maimakon murabus.

Kaya ba sai mun daɗe a kansu ba. Kwantena mai ƙafa 20 tana da fili kimanin kubik mita 33, mai ƙafa 40 kimanin 67, kuma ta ruwa ka sa ran mako huɗu zuwa goma. Kuskuren da ke cin kuɗi shi ne ta iso kafin izinin zama ya fito: kwastam ba za su sake ta ba sai an biya haraji, kwanakin kyauta na tasha su ƙare, tara ta fara hawa kullum. A Tarayyar Turai ana yafe harajin kayan gida ne idan ka yi wata 12 a waje, kayan sun yi wata shida a hannunka, kuma ka shigo da su cikin wata 12 da komawarka can da zama. Kayan wuta a duba: Turai bolt 230, Arewacin Amurka 120, Japan 100. Caja da kwamfuta galibi suna ɗaukar kowanne, amma firji da injin wanki gara a sayar. Takardu na asali da magunguna a jakar hannu suke tafiya. Maganin da likita ya rubuta a bar shi a kwalinsa tare da takardar likitan, kuma a bincika dokar ƙasar, domin irin su tramadol da kodin suna buƙatar izini tun kafin a shiga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Tsabar kuɗi daga yuro 10,000 ana bayyana su a iyakar Tarayyar Turai, sama da dala 10,000 a Amurka, inda ake haɗa na iyalin da suka shigo tare a lissafa su wuri ɗaya.

Makonnin da ka roƙa daga kamfani, ga abin da za a yi da su, kuma nan ne amsar tsoronta take. Manufar ita ce gidan ya iya tafiya ba tare da wayarka ko sa hannunka ba. Sunanta ya shiga takardar haya ko takardar biyan wuta, domin da shaidar adireshi ake buɗe komai. Ta sami asusu da kati nata, da kuɗin wata biyu a ciki, kuma lambar sirri ta riƙa shiga layinta. Tsohon layinku kada ku bari ya mutu har sai kun canza lamba a kowane banki na ƙasar da kuka bari. Mutane da yawa sun rasa hanyar shiga asusunsu ta nan. Katin inshorar kowane yaro ya kasance a hannunta. Ku je tare ku yi rajista da likitan yara tun kowa yana lafiya, ku bi hanyar sashen gaggawa na asibiti mafi kusa sau ɗaya da rana sau ɗaya da dare, ta ga ƙofar da ake shiga da inda ake ajiye mota. Lambar gaggawa a liƙa ta a jikin firji, mai shekara 11 ma ya haddace: 112 a Tarayyar Turai, 911 a Amurka da Kanada, 999 a Birtaniya. Lasisin tuƙi na waje yana da wa'adi, wata shida a Jamus, wata 12 a Birtaniya, kuma layin jarrabawa yana da tsawo, to ta shiga da wuri. Makaranta za ta nemi sunan babban mutum na biyu da za a kira idan ba a same ta ba. Wannan layin a fom ɗin shi ne ma'auninku: muddin ba ku da sunan da za ku rubuta a ciki, maƙwabciya ko matar abokin aiki ko uwar wani ɗan ajinsu, lokacin tafiyarka bai yi ba. Tafiyar farko kuma ta zama ta kwana ɗaya ko biyu, kusa, don a ga abin da zai ɓalle.

Kai kuma ka buɗe littafin ƙidayar kwanaki daga ranar farko: ranar fita, ranar shiga, wace ƙasa, ka ajiye katin shiga jirgi. Hukumomi uku ne za su tambaye ka shi. A ƙasashe da yawa masu haraji suna duba ko ka yi kwana 183 a ƙasar cikin shekara, amma ba shi kaɗai ba. Idan ƙasashe biyu suka yi ja a kanka, yarjejeniyoyin haraji suna duba inda kake da gidan zama na dindindin da inda iyalinka da harkokinka suke. Barin iyali a baya na dogon lokaci zai iya sa tsohuwar ƙasar ta ci gaba da ɗaukarka mazauninta. Masu shige da fice na ƙasar da kake zaune suna duba yawan fitarka idan ka zo neman zama na dindindin. A Birtaniya iyakar kwana 180 ce a cikin kowane wata 12, kuma kwana 144 na aiki da hutun iyali na wata guda sun kai ka bakin layin. Ƙasashen da kake ziyarta ma suna ƙirgawa: a yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, baƙo yana da kwana 90 a cikin kowane kwana 180, ana lissafawa baya daga ranar da kake, ba daga farkon shekara ba. Ka tuna kuma bizar kasuwanci ta taro ce da ganawa da sa hannu, ba ta zama ka yi aiki ba, kuma idan bizar da za ka nema a fasfo ake maƙala ta, fasfo ɗinka zai kwana a ofishin jakadanci, na Shengen kwana 15 a ƙa'ida, yana iya kaiwa 45.

Idan tafiye-tafiyen suka kankama, agogon gida za ka bi wajen kira. A tsayar da lokaci ɗaya, misali kafin yara su fita makaranta, minti goma sun fi awa guda da ba a san ranar zuwanta ba. Kada ka kira ƙaramar daidai lokacin barci, ganin fuskarka a waya zai tayar da kukan da uwar za ta yi fama da shi ita kaɗai. Kiran uwargida daban ne da na yara, kuma kada ya zama na lissafin kuɗi da gyaran famfo kawai. Mai shekara 11 kada a ce masa "kai ne maigida idan ba na nan". Yaro ne da ya rabu da abokansa jiya, yana fama da sabon aji, wataƙila da sabon harshe. Yaro ya yi shiru a makaranta na makonni yana sauraron harshe, ko ƙarami ya koma fitsarin kwance na ɗan lokaci, abu ne da aka saba gani. Amma ƙin cin abinci, ƙin zuwa makaranta ko rashin barci da ya wuce wata guda, na likita ne da malamin aji. Uwar ma a sa mata ido, musamman bayan ɗokin watan farko ya wuce kai kuma ka koma hanya.

Dawowa ta fi tafiya kawo faɗa. Jiki yakan ɗauki kusan kwana ɗaya kan kowace awa ta bambancin agogo kafin barci ya daidaita, kuma tafiya gabas ta fi wuya. Kai ka dawo kana son hutu, ita ta yi kwana goma tana jiran wanda zai karɓe ta. Ku raba tun kafin ka sauka: daren farko naka, washegari rabin yini nata ta fita ko ta kwanta, yaran suna hannunka. Dokar da ta kafa ba ka nan, lokacin barci ko na kallon waya, kada ka sauke jaka ka soke ta a gaban yara. Tsaraba kowace tafiya ma ba dole ba ce, tana koya musu su tarbi jakar.

Idan kamfani ya ƙi ba ka makonnin nan a rubuce, to matarka ce ke da gaskiya a wannan karon. Su zauna inda suke har ƙarshen shekarar karatu, ta ci gaba da aikinta tana haɗa takardun rajista, kai kuma ka sa tikitin zuwa gida kowane mako shida zuwa takwas cikin abin da za ka nema a yarjejeniyar, tare da alkawarin biyan kuɗin ƙaurarsu a sabuwar ranar. Ka tambayi lauyan kamfanin ko jinkirin zai shafi bizarsu, domin wasu bizojin iyali suna da wa'adin da dole a shiga ƙasar a cikinsa, idan ya wuce sai an sake nema an sake biya.